Shafin da Na Sauya a Tarihin Jirgin Baba

Ni ba mutuniyar ruwa ba ce. A unguwarmu a Kano, babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan makaranta, shi ma ba a barinmu mu je kusa da shi. Ko da muka taho Amurka, ta tagar jirgin sama na hango tekun da muke tsallakawa, na yi maza na ja murfin tagar. Amma yau ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi tarihin wani jirgin ruwan yaƙi, tun daga ranar da aka tura shi cikin ruwa har ranar da aka sayar da shi ga 'yan gwangwan, zan faɗa ba tare da na yi tuntuɓe ba. Wani tsoho ne ya ɗora mini wannan karatu, kuma har gobe ina gode masa.

Lokacin muna zaune a Greenbelt, a irin gidajen nan masu hawa uku da ciyawa a tsakaninsu. Maigidana likita ne, yana cikin shekarunsa na neman ƙwarewa a asibiti, ya fita tun duku-duku, ya dawo ko magana ba ya iya yi. Yaranmu biyu suna makaranta. Ni kuwa da nake da aikina a gida, ina buga takardu a ofishin wata kotu, sai na zo nan na zama mai gadin ɗaki, don takardar izinin aiki ta ƙi fitowa. In share, in dafa, in leƙa taga, in kira gida a waya har a gaji da ni. Ba zan ɓoye ba, a wancan lokacin zuciyata a cushe take, abu kaɗan ke tunzura ni.

Tsohon yana hawan ƙasa, ƙofarsa na kallon akwatunan wasiƙu. Bature ne dogo, ya haura casa'in, matarsa ta rasu, ɗansa guda yana can wata jiha mai nisa. Kullum da hula mai baki a kansa, an rubuta sunan jirgi da lamba a gabanta. Ina gaishe shi yadda aka koya mini gaida manya, in ɗan rusuna, shi kuma ya yi ta zaton wani abu ne ya faɗi nake nema a ƙasa. Sai da na yi masa bayani. Daga nan na fara ce masa Baba, yara suna ce masa Kaka, kuma duk ranar da na yi dambu ko miyar taushe sai na saukar masa da kwano. Yajin yana sa shi hawaye, amma bai taɓa maido mini da kwano da saura a ciki ba.

Wata safiya na same shi a bakin akwatunan, ya kafa gilashin ƙara girman rubutu a kan wata takarda, ya riƙe ta kai a ƙasa. A nan na gane idanunsa sun kusa tafiya. Na karɓa na karanta masa. Daga ƙungiyar tsofaffin sojojin jirginsu ta fito. An ce taron bana shi ne na ƙarshe, don waɗanda suka rage da yatsun hannu ake ƙirga su, kuma za a yi shi a wani zaure a Lanham idan sanyi ya wuce. An kuma tuna masa alkawarin da ya ɗauka, cewa shi zai rubuta tarihin jirgin daga farko har ƙarshe, a karanta a wurin, a raba wa iyalai.

Da na gama, sai ya tambaye ni wane aiki nake yi a ƙasarmu. Na faɗa masa. Sai ya yi murmushi ya ce a jirginsu ma akwai mai wannan aikin, kuma shi kaɗai ne kyaftin yake shakka. Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Akawu.

Haka muka fara. Da na raka yara bakin motar makaranta sai in ɗauko kwamfutata in sauka. Teburin cin abincinsa ya daɗe da daina ganin abinci, duk kwalaye ne da takardu. Mafi yawansu kwafin littafin jirgin ne, wato littafin da hafsan da ke bakin aiki yake rubuta duk abin da ya faru, awa bayan awa. Baba ya kwafo su ne tun idanunsa na gani, daga gidan adana takardun gwamnati da ke kusa da mu. Ni in karanta, shi ya rufe ido ya jingina, idan na zo wurin da ya tuna wani abu ya ɗaga hannu, in tsaya, ya sa wa ƙashin nama, in buga.

Jirgin ba babba ba ne. Irin wanda suke kira distiroya ne, siriri, mai gudu, ƙarfen jikinsa ba kauri, har su kansu sojojin gwangwani suke ce masa. An ƙera shi cikin gaggawa ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka zuba masa samari waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Aikinsa shi ne raka manyan jiragen kaya su tsallake teku, yana kewaye su gaba da baya, yana sauraren jiragen abokan gaba da ke laɓe a ƙarƙashin ruwa. Da Baba ya gama kwatanta mini, na ce ai wannan ayarin fatake ne da 'yan rakiya, irin wanda kakata take ba mu labari. Ya sa na yi masa bayanin ayari da madugu, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce in dai haka ne shi jakin ayari ne, don kaya kawai ya sha ɗauka.

Na ɗauka tarihin jirgin yaƙi harbe-harbe ne daga bango zuwa bango. Ashe yawancinsa zaman jira ne da amai. Shafi bayan shafi, abin da hafsan yake rubutawa shi ne ana ci gaba da tafiya kamar dā. An sha mai, an ci gaba da tafiya kamar dā. An auna zurfin ruwa, an ci gaba da tafiya kamar dā. Wata rana na gaji na ce masa, Baba, wannan mutumin ko dai malalaci ne ko kuma tawadarsa ce ta kusa ƙarewa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce duk ranar da aka rubuta wannan layin, ranar ce ta alheri, don tana nufin kowa ya kwana da ransa.

A cikin irin waɗannan ranakun muka bi jirgin ya je ya dawo, ya je ya dawo. Muka ga guguwar da ta lanƙwasa masa goshi har aka kai shi gyara. Muka ga lokacin da aka tura shi kusa da gaɓa ya yi ta luguden wuta don sojojin ƙasa su samu sauka, abin da ya kashe wa Baba kunnen hagu. Daga baya aka juya shi zuwa ɗaya tekun, kafin ya isa yaƙin ya ƙare. Aka ɗaure shi a wata tasha shekara da shekaru yana tsatsa, sannan aka yanka shi. Ƙararrawarsa kaɗai aka tsirar.

Akwai inda na so in yi son kai. Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda Turawan Ingila suka kwasa zuwa yaƙin Bama, kuma a jirgin ruwa aka tafi da su. Na ce wa Baba wa ya sani, ƙila jirginsu ne ya raka na kakana, me zai hana mu sa layi ɗaya a kan haka. Ya ce in duba littafin. Na duba, jirgin ko hanyar bai taɓa bi ba. Na ce ai ƙila kawai za mu ce. Ya ce ba a sa ƙila a littafin jirgi. Na yi ta kumbure-kumbure, shi ko a jikinsa, ya ce in karanta shafi na gaba.

Shi ne kuma mutumin da ya fara fitar da ni cikin gari ni kaɗai. Mun tarar wasu shafuka sun ɓata, ya ce sai dai in je gidan adana takardun in kwafo. Na ce ni da ko tashar jirgin ƙasa ta Metro ban taɓa shiga ba sai da maigida. Ya ce wadda ta iya tsallako teku ba za ta ɓata tsakanin tasha biyu ba. Ya zayyano mini hanya da ka, inda zan hau, inda zan sauka, bas ɗin da zan shiga, abin da zan ce wa mai gadi. Na tafi gabana na faɗuwa, na dawo da takardu a jaka ina tafiya kamar ni na gina garin. Daga baya, da izinin aikina ya fito, shi ya faɗi wasiƙar shaida na buga da hannuna, ya lalubi wurin ya sa hannu. Da ita na samu aikina na farko a ƙasar nan. Bai daɗe a duniya bayan wannan ba. Duk lokacin da na tuna shi sai in ji ina ma na ƙara saukar masa da kwano ko sau ɗaya ne.

Amma akwai shafi ɗaya da ya lanƙwashe wa kusurwa. Duk lokacin da muka zo kansa sai ya ce a tsallake, za mu dawo. Muka gama komai, har wurin 'yan gwangwan, shafin na nan. Sai wata safiya, saura 'yan makonni taro, na sauko na tarar ya yi aski, ya sa riga mai maɓalli har wuya. Ya ce yau za mu yi wancan.

Na karanta abin da littafin ya ce. Gajere ne. Da rana tsaka an harbi ɗaya daga cikin jiragen kayan, an umarci jirginsu ya tsaya ya tsamo mutane. An saukar da ragar igiya ta gefen jirgi. Sojan ruwa wane, sunan Baba ke nan, ya sauka ya tsamo mutum huɗu daga cikin ruwa, an ba da shawarar a ba shi lambar yabo. Daga nan aka ci gaba da tafiya kamar dā. Na ɗago kai ina murna, ina shirin yi masa kirari, sai na ga fuskarsa.

Ya ce ba haka aka yi ba. Ya ce gaskiya ne shi aka umarta, don an san ya iya iyo. Shekarunsa goma sha tara. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfen gefen jirgi, ya leƙa, ya ga ruwan ya yi baƙi ƙirin da mai, ga kawunan mutane suna nutsewa suna tasowa, ba ka gane fuska sai fararen idanu. Hannuwansa suka kafe a jikin ƙarfen. Ana yi masa tsawa bai ji ba. Fitsari ya zubo masa a wando. A lokacin ne kukun hafsoshi ya fito da barguna a hannu don a lulluɓe waɗanda za a tsamo. Baƙar fata ne, don a zamanin nan baƙar fata ba ya samun aiki a irin wannan jirgi sai na girki da ɗaukar faranti. Ya dubi ruwan, ya dubi Baba, ya zubar da bargunan, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Shi ya yi ta turo mutanen ɗaya bayan ɗaya. Da aka jawo shi daga ƙarshe jikinsa ya sandare, aka yi ƙasa da shi wajen murhu.

Kafin nan Baba ya farfaɗo ya kama jan igiya, man jikin mutanen ya ɓata shi daga sama har ƙasa. Hafsan da ya zo rubutu ya san wanda aka umarta, ya kuma gan shi jage-jage da mai, sai ya rubuta sunansa. Ko bai sani ba ne, ko ya sani ya ga haka ya fi dacewa, Baba ya ce shi dai bai buɗe baki ya gyara ba. Aka kira shi gaban jama'a aka maƙala masa lamba, ya karɓa. Washegarin abin sun yi kiciɓis da kukun a wani lungu yana ɗauke da faranti, abin da kawai ya ce wa Baba shi ne ya ba shi hanya.

Sai ya sa na jawo wata durowa. A ciki akwai lambar, da wata wasiƙa da ta yi ja don daɗewa. 'Yar kukun ce ta rubuto wa ƙungiyarsu shekaru da yawa da suka wuce, bayan rasuwar mahaifinta, tana tambaya ko akwai wanda ya tuna shi. Aka miƙo wa Baba wasiƙar don shi ne mai ajiye tarihi. Ya sa ta a durowa bai amsa ba. Matar tana nan da ranta a Landover, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Bana ya sa an gayyace ta, kuma ta ce za ta zo.

Ya ce, "Ki rubuta shi yadda na faɗa, Akawu. Har wandon."

Na buga yadda ya faɗa. Na hau sama na sake karantawa, jikina ya yi sanyi. A kotu na buga abubuwan da ba su faɗuwa, ko gezau ban yi ba, amma waɗancan ban san su ba. Wannan kuwa Baba ne, mai cin dambuna, wanda 'ya'yana ke ce wa Kaka. Kuma tunda ba ya gani, ni zan tsaya a gaban jama'a in karanta. In buɗe bakina in ce dattijo ɗan shekara casa'in ya yi fitsari a wando? A gidan da na tashi, idan babba ya yi tuntuɓe kau da kai ake yi. Mahaifiyata ta taɓa yi mini dukan da har yau ban manta ba, don kawai na faɗa a gaban baƙi cewa kawunmu ya yi barci a kan sallaya. Abin da aka dasa mana shi ne rufin asiri, kuma ni a ganina babu alherin da zan saka wa tsohon nan da shi da ya wuce wannan.

Don haka na gyara. Na cire wandon, na cire kafewar hannu. Na rubuta cewa su biyu suka sauka, Baba da kukun, suka yi aikin tare, sai dai littafin ya manta da suna ɗaya. Na karanta na ji ya yi daɗi a kunne. Har yaba wa kaina na yi, na ce ga shi kowa ya samu rabonsa, ba a ci mutuncin kowa ba. Ban gaya wa Baba ba. Na ce a raina idan an karanta a taro an yi tafi, shi ke nan, zai gode mini daga baya.

Saura mako guda, ya ce in karanta masa duka daga farko, yana so ya ji yadda zai faɗa a kunnen mutane. Na sha jinin jikina, amma ba yadda zan yi. Muka bi ayari, muka wuce guguwa. Da na zo shafin sai na ƙara sauri, na bi ta kansa a guje. Ya ɗaga hannu. Ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tambaye ni wa ya faɗi wannan.

Maimakon in ba da haƙuri, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ni na faɗa, kuma don shi na yi. Na ce a wurinmu ba a tona wa babba asiri, ba zan tsaya a gaban 'ya'yan mutane da jikokinsu in kunyata shi ba, abin da ya wuce shekara saba'in a bar shi ya kwanta mana. Na ce ai na sa sunan mutumin, me kuma ake nema. Na yi ta zuba, ya bar ni har na gaji.

Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Na san don ni kika yi. Shi ma hafsan nan ina jin don ni ya yi. Kin ba ni rabin abin da ba ni da ko ƙwayarsa, kuma daga wurin mutumin kika ɗebo."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma taurin kai bai bar ni na sauko nan take ba. Na rufe kwamfuta na haye sama ko sallama ban yi ba. Da maigida ya dawo da yamma na zayyana masa komai yana cin abinci, ina jiran ya ce na kyauta. Ya ci gaba da cin tuwonsa har na fara jin haushi. Sai da ya wanke hannu ya ce, "To ita 'yar marigayin, da me za ta koma gida? Ke kina ta asirin mai rai, ga haƙƙin mamaci a hannunki." Ya ɗauki jakarsa ya ce yana da kol, wato aikin dare a asibiti, ya fita ya bar ni da kwanuka.

Kalmar haƙƙi ce ta kama ni. Ni da nake baƙar fata, na zauna a ɗakina cikin jin daɗi na ƙwace wa wani baƙar fata rabin bajintarsa, shi da ya shiga ruwan da ni ko ta taga ba na iya kallo. Kunya ta rufe ni. Na kuma gane cewa ba Baba kaɗai nake karewa ba, har da bakina da ba ya so ya furta abin.

Da safe na sauka na durƙusa a gabansa har ƙasa na ce ya yafe mini. Wannan karon bai yi zaton wani abu nake nema ba. Ya ce in tashi, akwai aiki. Allah ya taimake ni da ɗabi'ar kotu, ba na yar da kwafin farko. Na buɗe shi na karanta masa, ya saurara har ƙarshe, ya gyara kalma ɗaya tak. Inda na sa tsoro ya kama shi, ya ce in sa ya ji tsoro, don ba kama shi aka yi ba.

Ranar taron maigida ya samu hutu ya kai mu Lanham, Baba a gaba da hularsa, ni a baya rungume da takardu. Zauren ƙarami ne, an jera tebura da fararen ƙyallaye. Tsofaffin sojojin ba su cika tebur ɗaya ba, wasu a keken guragu, sauran jama'ar duk 'ya'ya ne da jikoki. An ajiye ƙararrawar jirgin a gaba. Aka fara da kiran sunayen waɗanda suka rasu, kowane suna a buga ta sau ɗaya, abin ya ɗauki lokaci. Ni kaɗai ce da atamfa da mayafi a wurin, ana ta satar kallona. Can gefe na hango wata dattijuwa baƙar fata, ta sha hular zuwa coci, ta dafa sandarta da hannu biyu. Ba sai an gaya mini ko wace ce ba.

Aka kira Baba, ya ce shi idanunsa sun yi ritaya, akawunsa ce za ta karanta. Na miƙe. Da na shiga cikin tafiyar jirgin sai na sake. Da na zo wurin ana ci gaba da tafiya kamar dā, tsofaffin suka kwashe da dariya, wani har da buga tebur. Na wuce guguwa, na juya shafi, sai ga shi. Na saci kallon Baba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya miƙe zaune sosai. Na yi bisimilla a zuciyata na karanta. Na faɗi ƙafar da ya ɗora a kan ƙarfe, na faɗi hannun da ya kafe, na faɗi wandon. Na faɗi sunan kukun cikakke, da bargunan da ya zubar, da igiyar da ya ɗaura. 

Da na kai ƙarshe ba wanda ya yi tafi. Baba ya lalubo hannuna ya ce in kai shi wurinta. Muka ratsa tsakanin tebura a hankali, mutane suna janye kujeru. Ya tsaya a gabanta, ya ciro lambar daga aljihu, ya miƙa ta ɗan gefe da inda take, sai da na gyara masa hannun. Ya ce mata wannan ta mahaifinta ce, shi ya riƙe ta ba bisa haƙƙi ba, kuma wasiƙarta ta zo hannunsa tuntuni, tsoro ne ya hana shi amsawa.

Ba ta karɓa nan da nan ba. Ta daɗe tana kallon lambar a tafin hannunsa, leɓɓanta suna motsi. Na yi zaton zagi ne zai fito, kuma da ta zage shi da ban ga laifinta ba. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce, sai da na sunkuya na ji.

Ta ce, "Babanmu ya sha ba mu wannan labarin muna yara. Mu kuwa mun san kuku ne, sai mu yi ta dariya, yayyena suna tsokanarsa wai a cikin tukunya ya tsamo su. Daga baya ya daina faɗa. Har ya rasu ba mu yarda da shi ba."

Ta sa hannu ta ɗauki lambar ta damƙe. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta jawo kujerar da ke kusa da ita, ta ce, "Zauna nan, 'yata. Sake karanta mini wurin, a hankali."

Na goge idona da gefen mayafi, na zauna, na koma farkon shafin. Na karanta mata shi kalma bayan kalma, ban tsallake ko ɗaya ba.